Ƙarfen da Muka Sa wa Yaya a Ƙafa

Tun da muka binne Yaya a farkon daminar nan zama ya gagare ni. Da na idar da sallar asuba sai in ji gidan ya yi mini kaɗan, in sa takalmi in fita. Wata rana in hau bas daga Samaru in sauka a PZ ba ni da abin saye, wata rana in taka har Muciya in tsaya a gaban inda maƙerarmu take a da. Yanzu shago ne mai fenti ruwan ɗorawa, ana sayar da katin waya. A gefensa masu walda ne, janaretonsu na ruri, 'yan acaba na kutsawa ta tsakanin mutane, ba wanda ya san ni. Babbar 'yata ce ta gaji da ganina haka, ta kawo mini wannan littafin rubutu ta ce, "Baba, tunda ka ƙi faɗa mana, to ka faɗa wa takarda." Karatuna bai wuce firamare ba. Zan rubuta yadda na iya, ba zan ƙara ba, kuma zan yi ƙoƙari kada in rage.

A lokacin da nake saurayi ba agogo ke tashin unguwarmu ba. Jirgin ƙasa ne zai yi kuka daga tasha, sai ladan, sai tarin Baba a zaure, sai ni in fito in zuba gawayi in kama zuga-zugi. Kafin rana ta ɗaga ƙarar guduma ta cika layin, matan maƙwabta har sun san bugun Baba daban da nawa, su ce nawa gaggawa ta yi masa yawa. Muna ƙera fartanya da garma da lauje, manoma su zo daga ƙauyukan bayan Basawa su zauna a kan kututture suna jira suna gardamar ruwan bana. Inna tana ciki tana daka, sautin taɓaryarta na shiga tsakanin bugun guduma. Yau jirgin ya daina zuwa, ciyawa ta cinye layin dogo, awaki ke kwana a kai. Fartanya kuma daga kasuwa ake sayenta, ba wanda ya san hannun da ya yi ta.

Akwai wani aiki da muke yi wanda ba a rataye shi a bakin ƙofa, shi ne mari, ƙarfen da ake sa wa mutum a ƙafa. Zobba biyu ne da guntuwar sanda a tsakani. A zura ƙafafu, a rufe bakin kowane zobe da ƙusa, a dake kan ƙusar har ya baje. Ba shi da makulli, maƙeri ne ke sa shi, maƙeri ne ke cire shi. Yawanci masu taɓin hankali ake kawo mana, dangi sun rirriƙe su, ko kuma a kira mu gidan malamin da ke yi musu rubutu. Ba mugunta muke gani a ciki ba. Mutum zai faɗa rijiya, ko ya bi daji a rasa shi, ko yara su bi shi da jifa, to me iyayensa za su yi? Baba yakan naɗa tsumma a idon sawu kafin ya sa, ya ce da ni, "Kalli ƙarfen, kada ka kalli fuskarsa, in ka kalla hannunka zai kauce." Kuma yana da ƙa'ida guda, ba ya cire mari sai wanda ya sa a yi shi ya buɗe baki ya ce a cire.

Yaya shi ne ɗan fari, shi ne kuma wanda ya yi karatu a gidanmu. Ya sami aiki a gonakin gwaji na Samaru, yana auna tsayin auduga yana rubutawa a littafi. Kullum da safe zai ɗaure bakin wandonsa da roba ya hau kekensa, da yamma ya dawo da gyaɗa a aljihu. Ciwon bai zo masa da ihu ba. Barci ne ya fara ƙaurace masa, sai ya daina cin abinci tare da mu, sai ya ce rediyon maƙwabcinmu da shi yake magana. Ya bar keke ya koma tafiya a ƙasa, daga Samaru zuwa Sabon Gari, ya juya ya koma, har takalminsa ya tsinke. Inna ta ce iskoki ne suka shafe shi a gonar, don akwai tsohuwar tsamiya a wurin. 'Yan uwan Baba suka ce sammu ne daga abokan aiki. Wasu suka ce karatu ne ya yi wa kansa yawa. An yi rubutu, an yi turare, an yanka abin da aka ce a yanka. Rannan da hantsi wani mai gadin mahaɗar jirgi ya kawo shi gida riƙe da wuyan rigarsa, ya ce a tsakiyar layin dogo ya same shi tsaye yana ɗaga wa jirgi hannu ya tsaya.

A ranar Baba ya ƙera mari da kansa. Maza huɗu suka danne Yaya a ƙasan zaure. Baba ya naɗa tsumman, ya sa zoben, ya ɗora ƙusa, ya ɗaga guduma. Sau biyu yana ɗagawa yana saukewa bai buga ba. Sai ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na karɓa na buga, dama da hagu, bugu shida-shida. Yaya yana ta magana da waɗanda ba ma gani, idonsa a rufin ɗaki, ni kuma na riƙe wannan a raina, na ce ai ba ya cikin hayyacinsa, bai san wanda ya buga ba. Baba ya tashi ya ce, kowa na ji, ƙarfen nan ba zai fita ba sai yaron ya warke.

Wata uku yana ɗakin da ke bayan zaure. In ya motsa muna jin ƙarar ƙarfen a maƙera, sai in ƙara ƙarfin zuga don kada in ji. Sunansa ma ya ɓace a gidan. Iyayenmu dama ba sa faɗin sunan ɗan fari don kunya, sauran jama'a kuma suka koma cewa "mara lafiya". Tsumman ya ruɓe, zoben dama ya ci fata, ƙuda suka samu wurin zama.

A layin bayanmu akwai wata nas da ke haya, Kirista ce daga kudancin lardinmu, ba ta fi Yaya shekaru ba sosai. Kowa Sista yake ce mata. Ran nan ta kawo kurfotinta a gyara masa ƙafa, tana tsaye sai ta ji ƙarar.

"Baba Maƙeri, wa ke ciki?"

"Mara lafiya ne."

"Allah ya ba shi lafiya. Yaya sunan shi?"

Baba ya ci gaba da juya ƙarfe a wuta. Ni na faɗa mata. Ta ce ko za a bar ta ta gaishe shi. Baba ya ce yana duka. Ta ce, "Ni ma ina da ƙafan gudu, Baba."

Abin da ta yi a ɗakin nan har yau ina ganinsa. Ta tuɓe takalmi, ta yi sallama, ta jira. Ba ta tsaya a kansa ba, ba ta tare ƙofa ba, ta zauna a ƙasa daga gefe da farin kayan aikinta. Ta kira shi da sunansa na yanka, ta sa Malam a gaba. Sannan ta ce, "An ce kai ne mai auna auduga a Samaru. Ni kuɓewa na shuka a bayan ɗaki, ganyen sai nannaɗewa yake yi. Me ke cin shi?" Ya daɗe yana kallon bango. Har na ce a raina ta ɓata bakinta. Can ya ce, "Ki duba ƙarƙashin ganyen." Wata uku ke nan ban ji ya ba mutum amsa ba.

Da ta fito ta ce wa Baba wannan ciwo ne kamar sauran ciwo, kuma yanzu akwai maganinsa, akwai likitan da ke zuwa Zariya duba irinsu rana ɗaya a mako. Baba ya ajiye awartaki. Ya ce yana saurayi, a zamanin Turawa, an taɓa kiransa gyaran ƙofar ƙarfe a wani gidan yari, ya ga ɗakin da ake tara masu taɓin hankali, mutanen da ba su saci komai ba, ba su kashe kowa ba, tsirara a kan siminti, ana miƙa musu abinci ta taga. "Abin da gwamnati ke yi da su ke nan," in ji shi. "In ƙarfe ne, gara nawa. Nan ko ba komai uwarsa na ganinsa." Sista ba ta ƙaryata shi ba. Ta ce haka aka yi, ita ma ta tarar da tsofaffin ma'aikata da suka yi aiki a irin wuraren, aikinsu riƙon makulli ne kawai. Amma ta ce inda ta koyo aikin, can ƙasar Yarbawa, ba haka ake yi ba. Mara lafiya yakan sauka a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan uwansa, ya je kasuwa, ya je gona, ma'aikatan jinya su bi shi har inda yake. Ta ce in Baba ya yarda likita ya gan shi sau ɗaya, ba za a kwantar da shi ba, ita za ta riƙa biyowa kullum in ta tashi daga aiki.

Sai da ta yi zuwa huɗu kafin ya yarda. Muka sa wa Yaya doguwar riga ta rufe ƙafafun, muka kai shi a mota, muka dawo da ƙwayoyi a ɗan gwangwani. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kuma ni aka danƙa wa, tunda ni na iya karatu. Sista ta so a cire marin a ranar. Baba ya ce a'a, ya riga ya yi magana a gaban mutane. Amma ya sassauta, ya ce in yaron ya yi mako guda cur bai yi zance da waɗanda ba a gani ba, zai cire.

Kwana goma da fara magani Yaya ya soma barci. Ya karɓi tuwo daga hannun Inna. Amma zancen bai ɗauke ba, zai yi kwana biyu shiru, rana ta uku ya dawo, lissafin Baba ya koma farko. Ni kuwa ni ke wanke gyambon kowace safiya da ruwan gishiri yadda Sista ta nuna mini, ina ganin kan ƙusar da na baje da hannuna. Na ƙosa. A maƙera abin da na sani shi ne in ƙarfe bai yi laushi ba, wuta ce ba ta isa ba, sai ka ƙara gawayi ka ƙara zuga. Da wannan hankalin na auna maganin. Na ce in ƙwaya ɗaya ta kawo barci, biyu za su kori muryoyin. Na koma ba shi biyu-biyu. Da na ga kamar ya ƙara natsuwa, na mai da su uku. Ban faɗa wa kowa ba.

Ranar Juma'a, muna shirin tafiya masallaci, Inna ta kurma ihu. Muka ruga. Wuyan Yaya ya murɗe ya koma gefe, idanunsa sun kafe sama, harshensa ya fito waje ya ƙi komawa, miyau na zuba. Inna tana salati tana cewa ga su nan sun fito fili, maganin asibiti ya fusata su. Gida ya cika. Wani kawunmu ya ce dama ya faɗa, ba a haɗa ciwon iska da ƙwayar Bature. Baba ya ce in kawo gwangwanin. Na ce zan jefar da shi da kaina, na sa a aljihu, don na san in ya buɗe zai ga ya kusa ƙarewa. Da Sista ta zo da yamma a bakin zaure ya tare ta.

"'Yata, mun gode. Ya isa haka."

"Baba, bari in gan shi. Na san abin nan, allura ɗaya ce zai sake."

"Na ce ya isa."

Ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara gawayi.

Bayan kwana biyu wuyan ya saki da kansa, kowa ya ce ka gani, da aka daina. Bayan mako muryoyin suka dawo fiye da da. Ya koma jan ƙafa daga bango zuwa bango, gyambon ya buɗe. A unguwa aka fara cewa nas ɗin nan ta kusa kashe ɗan maƙeri, wasu matan suka daina kai mata yaransu in sun yi zazzaɓi. Kwana tara ina ɗauke da gwangwanin a aljihu. Ba na iya cin abinci. In aka aike ni kasuwa sai in zarce har tasha in dawo, kamar yadda nake yawo yanzu. Na san in na yi shiru Yaya zai tsufa a cikin ƙarfen nan, na kuma san in na yi magana Baba zai san ni ne na kusa kashe masa ɗa.

Ran na goma da safe, muna mu biyu a maƙera, na ciro gwangwanin na juye a tafin hannuna na nuna masa. Na ce, "Baba, na wata guda aka ba mu. Ga abin da ya rage. Uku-uku nake ba shi." Ya dubi ƙwayoyin, ya dube ni. Na jira duka. Sai ya ce, "Ja zuga-zugi." Muka gama garmar da ke wuta. Sannan ya wanke hannu, ya shiga ciki ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya ce in biyo shi. Dattijon da masu unguwa ke zuwa gaishe shi ya taka har gidan haya, ya tsaya a ƙofar yarinyar da ya haifi kamarta, a gaban matan gidan suna wanke-wanke, ya ce, "'Yata, na zalunce ki. Ga mai laifin, ga kuma wanda ya fi shi laifi."

Sista ta saurara har na gama. Ta riƙe haɓa ta ce, "Auta, ashe likita muke da shi a layi ba mu sani ba." Matan suka yi dariya, ni kuwa hawaye ne ya zubo mini. Sai ta daina wasan. Ta ce laifin har da nata, da ta ba ni magani ba ta zaunar da mu ta faɗa mana abin da yake iya yi ba, don ko ba a ƙara ba wani lokaci yakan murɗe wuya, kuma akwai abin da ke warware shi. Ta ce daga ranar ba za ta sake ba wani gida ƙwaya ba sai ta tara su ta yi musu bayani, har da tsohuwar gidan. Ta karɓi gwangwanin ta sa a hannun Baba. "Kai za ka riƙa ba shi. Kai ba ka gaggawa."

Yanzu abubuwa sun canja. An mai da asibitin can gaba da Samaru, gini ne babba, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata, akwai yara masu yawa da suka karanci wannan jinya, maza da mata. Mutane sun koyi cewa ciwon ƙwaƙwalwa. Na raka Yaya can ba adadi, kuma ban taɓa ganin an wulaƙanta shi ba. Sai dai layi ne har bakin ƙofa, mai duba ka yana rubutu yana tambayarka, wayarsa na ƙara a aljihu, ba shi da lokacin da zai zauna a ƙasa ya tambaye ka kuɓewa. Ban ga laifinsu ba, sun yi kaɗan. Marin ma bai mutu ba. Maƙera ne suka ƙare, amma na ga mutum a wani gida ɗaure da sarƙar babur da kwaɗo, ko tsumma ba a sa masa ba.

Wata biyu Baba yana ba da maganin, ɗaya da safe, ɗaya da yamma, da bismilla. Makon da ake jira ya zo ya cika. Baba ya ƙara kwana uku don ya tabbata, sannan ya aika a kira Sista da mazan nan huɗu da suka danne shi, ya ce a gabansu aka sa, a gabansu za a cire. Yaya ya fito zaure da kansa, yana jan ƙafa, ya zauna ya ɗora sawunsa a kan uwar maƙera, inda muke dukan ƙarfe. Ya rame, amma idonsa na kanmu. Baba ya ɗauki kurfi, ƙarfen da muke yanke ƙusa da shi, ya ɗauki guduma. Sai Yaya ya ɗaga hannu.

"Baba, ba Auta. Shi ya sa, shi zai cire."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ashe yana nan a ranar, ya ga komai, ya ƙirga. Na karɓi gudumar, na saba wa abin da aka koya mini, na kalli fuskarsa. Ya ce, "Buga mana, ƙafata ta gaji." Na buga. Na dama ya fita a bugu uku, na hagu ya ba ni wahala. Da ya miƙe sai ya yi taku gajere kamar yadda ya saba, ƙafa na bin ƙafa. Sista ta ce, "Malam, buɗe ƙafa, ba komai a wurin." Ya dubi ƙasa, ya buɗe, ya taka har bakin ƙofa ya tsaya yana kallon layi. Inna tana bayan labule, ba ta fito ba, kukanta kawai muke ji.

Ya koma aikinsa a Samaru, ya yi aure, ya haifi huɗu. Ciwon ya dawo masa sau biyu, sau biyun a gadon asibiti ya yi jinya, ba wanda ya sake kawo zancen ƙarfe. Sista an yi mata canjin wurin aiki bayan 'yan shekaru, daga baya muka ji ta rasu a garinsu, ba mu samu zuwa ba. Ni ma na bar ƙira na koma Samaru, katanga ɗaya ta raba gidana da na Yaya fiye da shekara talatin. Kullum muna tare, amma maganar ranar nan ba ta sake shiga tsakaninmu ba. Na sha shirya abin da zan ce masa, in na zo bakin ƙofarsa sai in gaishe shi in tambayi yara.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi a ƙarshe, jikinsa ya kumbura. Rana ta ƙarshe da na same shi a farke, bayan azahar ne, matarsa ta fita ɗebo ruwa, muka rage mu biyu. Na matso da kujera na ce, "Yaya, akwai maganar da na daɗe ina so in yi." Ya dube ni. Sai ya ce, "Auta, ɗaga mini ƙafafun nan, sun yi nauyi." Na ɗaga su na ɗora a kan cinyata, na riƙe, har aka kira la'asar.